Zuwa ga aminiyata a Fatakwal, kan maganin Yaya

Assalamu alaikum, aminiyata. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan ƙasar Ringim an gama yankan gero, ana ta fama da riɗi, kowa lafiya sai godiya.

Maganar Yaya ce ta sa na ɗauki biro. Ranar kasuwa na leƙa gidanta, na tarar da ita a tsakar gida tana fifita da faifai, zufa har ta jiƙa mata ɗankwali, alhali gari da sanyi. Ta ce tunda aka yi mata aikin dajin nonon, ciwo ya warke, ita kam za ta bar ƙwayar nan da ke sa mata zafin jiki. Kwalin ma yana cikin kwalla, rabinsa ba a taɓa ba. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ke take jin maganarki, shi ya sa nake so ki fahimci abin sosai kafin ki buga mata waya.

Akwai sinadarin da ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa, estirojin, wanda ke tafiyar da al'ada da girman nono. Wani nau'in ciwon dajin nono da shi yake rayuwa. Tun 1896 wani likita a Sikotilan, George Beatson, ya ga ƙari ya ja baya bayan ya cire wa mai ciwon ma'ajiyar ƙwanta, amma ba a san dalili ba. Sai a 1958 Elwood Jensen, a Jami'ar Shikago, ya gano cewa a cikin ƙwayoyin jiki akwai gurbin da estirojin ke shiga ya ba da umarnin a hayayyafa.

Maganin Yaya, tamoksifen, mace ce ta fara haɗa shi, Dora Richardson, a kamfanin ICI na Ingila a 1962. Don hana ɗaukar ciki aka yi shi, ya yi aiki a jikin ɓeraye, a jikin mata kuwa ya ƙi. Saura kaɗan a watsar da shi. Masanin da nake ganin ƙimarsa a labarin nan shi ne Craig Jordan, wanda ya duƙufa a kansa a shekarun 1970. Maganin yana shiga gurbin nan ya toshe, kamar mabuɗin da ya karye a cikin kwaɗo, na ainihin ya zo ya rasa hanya. Jordan ya nuna cewa ba kashe ciwon yake yi nan take ba, danne shi yake yi, don haka sai an daɗe ana sha. Daga baya bincike a kan dubban mata ya tabbatar da cewa shekara 5 ana sha yana rage mutuwa daga irin wannan ciwo da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kin ga ke nan jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Likitocinta a asibitin Malam Aminu Kano sun gwada tsokar da aka cire, suka ga nata irin mai cin estirojin ne, shi ya sa suka ɗora ta a kai. Wasu matan ba su da wannan damar, don nasu ba ya jin maganin. Ga masu zuwa dubiya suna ta cewa daji ba ya son maganin asibiti, abin da ya sa mata da yawa a nan ba sa zuwa sai nono ya fashe.

Kada ki ɓoye mata wahalarsa. Zafin jikin gaskiya ne, ta faɗa wa likita, akwai dabarun rage shi. In ta ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta tafi asibiti a ranar. Kuma ba a ɗaukar ciki ana shansa, wannan sai an zauna da mijinta.

In da hali ki turo kuɗin mota, ni zan raka ta Kano ranar da aka ba ta. Ki gaida maigida, ki shafa min kan auta.

Taki har kullum,
Aminiyarki