Wasiƙar da na rubuta a tsaye

Assalamu alaikum, aminina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso tun makon jiya, sai yau na samu zama in ba ka amsa. Ko da yake in na ce zama na yi ƙarya, a tsaye nake rubuta maka, kwamfutar tana bisa kwali biyu da na ɗora a kan tebur.

Ka ce an turo maka hotona da lambar tsere a ƙirji, na gama kilomita 21 ina washe baki, alhali wata biyu kafin nan na ce maka ciwo ya hana ni zuwa wurinka. Har ka tambaya, wai mai ciwon baya ne ke wannan gudun? Wallahi ban ji haushi ba. Da ni ne kai, abin da zan faɗa ya fi haka zafi. Laifina ne da ban taɓa yi maka bayani sosai ba.

Likitoci suna kiran ciwon ankilosin sifondilaitis. Garkuwar jikina ce ta juyo kaina, tana kumbura gaɓoɓin ƙashin baya daga ciki, musamman inda ƙashin baya ya haɗu da ƙugu. Yawanci yana kama mutum kafin shekara 45, da yawa ma tun suna samari. Ciwon bayan da kowa ya sani, na ɗaga kaya mai nauyi, in ka kwanta ka huta sai ya lafa. Wannan kuwa hutu ne abincinsa. In na daɗe a kwance ko a zaune sai ya tashi, in na motsa sai ya sake ni. Tafiyar zuwa wurinka awa tara ce a kujerar mota, gudun kuma awa biyu da 'yan mintoci. Ka yarda ko kar ka yarda, gudun ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba.

Shekara biyar na yi ana ce min gudun ne ke kashe min baya, in bari. Na bari har wata huɗu, kuma ban taɓa shan wuya irin ta wannan lokacin ba. Ƙarfe uku na dare ciwo zai tashe ni, in yi ta zagaye a ɗaki kamar mai gadi. Sai da wata likitar gaɓoɓi ta yi min tambaya ɗaya: da safe, minti nawa kake yi kafin jikinka ya saki? Na ce kusan awa guda. Ta ce duk sanƙarewar safiya da ta wuce minti 30 abin dubawa ce. Hoton MRI, na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna kumburin da hoton ƙashin da aka yi min a baya bai nuna ba, gwajin jini kuma ya nuna ina ɗauke da HLA-B27, wata alama ta gado da ake samu a jikin mafi yawan masu ciwon, ko da yake akwai ɗimbin masu ita da lafiyarsu ƙalau. Ranar na yi murna kamar an ba ni kyauta, don kawai abin ya samu suna.

Da za ka gan ni da asuba, da ba ka yi min waccan tambayar ba. Sai na mirgina gefe, in sauke ƙafa ɗaya, in dafa bango in miƙe. Ruwan zafi a baya na minti goma. Igiyar takalmi kuwa sai na ɗora ƙafar a kan kujera, don ba na iya sunkuyawa a lokacin. In na fita gudu, kilomita biyun farko ina jan ƙafa kamar tsoho, yara 'yan makaranta ma wuce ni suke. Wajen ta uku sai in ji ƙugun ya fara buɗewa, kamar ƙyauren da ya yi tsatsa aka ɗiga masa mai. Daga nan har azahar ni mutum ne. Hoton da ka gani a ƙarshen hanya aka ɗauke shi, ba wanda ya ɗauki na farkonta.

Yanzu ina yi wa kaina allurar adalimumab duk bayan mako biyu. Tana zama a firji, kuma kafin a fara ba ni sai da aka gwada ni ko akwai tarin fuka a ɓoye, domin maganin yana rage ƙarfin garkuwar jiki. Ta taimaka ƙwarai, amma mura da take yi wa kowa kwana uku ni sai ta kwana goma a jikina. Shi ya sa in wani yana tari a taro za ka ga na ja baya, mutane su ce girman kai. Na kuma daina wata wauta da na daɗe ina yi, wato haɗiyar ibufurofen kafin dogon gudu don in danne ciwo. Likitar ta yi min faɗa sosai: jiki ya rasa ruwa, ga zufa, ga irin wannan magani, ƙoda ce ke biyan bashin.

A wurin aiki, shekara biyu na ɓoye. Taron awa uku ina murmushi, bayana yana cin wuta. Abin da ya tona ni ido ne. Wata rana idona na hagu ya yi ja, hasken kwamfuta ya zama kamar allura, na ɗauka gajiya ce. Ashe kumburin ne ya shiga cikin idon, wanda shi ma yakan zo da wannan ciwo, kuma in aka yi sakaci yana iya taɓa gani. Bayan wannan na faɗa wa shugabana gaskiya. Yanzu a taro ina tsayawa a bayan ɗaki, kuma duk minti 40 nakan tashi in taka. Wani abokin aikina ya taɓa cewa a gabana, mai gudun fanfalaki ne zai kasa zaman taro? Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ji ba ni da ƙarfin yin sa, na yi dariya kawai.

Ita gajiyar ce ban san yadda zan kwatanta maka ba. Barci ba ya wanke ta. Ƙarfina na yini kamar ruwa ne a tulu ɗaya: aiki ya ɗiba, gudu ya ɗiba, abin da ya rage shi ne na mutane, wani lokacin kuma ba ya raguwa. Nan ne zan amsa laifina. Akwai daren da na bar abokai ana tsakiyar hira don ina da kilomita 16 da safe, na fake da ciwo, alhali son gudun ne kawai. Gudu ma yana da nasa son kai. Na rage shi zuwa kwana uku a mako, in agarata ta fara zafi a bayan dunduniya in koma ninƙaya ko keke. Cikakken gudun fanfalaki mai kilomita 42 da mita 195 kuwa na ajiye shi tukuna. Likita ba ta hana ni ba, ni ne na lissafa watannin atisayen da zai ci, na ga daga rabon mutane zan ciro su.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wasu sun daina kirana gaba ɗaya, wai don kar su takura min. Sai dai in ga hotuna washegari. Don Allah kar ka bi sahunsu. Ka kira ni, ko da sau uku zan ce a'a, na huɗun zan zo.

Ina shirin zuwa watan gobe, kwana biyu bayan allurata. Zan raba tafiyar gida biyu, ina tsayawa duk awa in miƙe jiki. Ka tanadar min katifa mai tauri, kuma ka nemo takalmin tafiya, don hirarmu a hanya za mu yi ta. Ka gaishe min da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka