Wasiƙa ga Umma kan cikin Auta

Mancesta, Ingila

Assalamu alaikum Umma. Ina gaishe ki da Baba da dukan mutanen gida, da fatan kuna lafiya. Na ji an ce wa Auta a wurin awo jininta ya yi ƙasa, kuma ta ajiye ƙwayoyin ƙarin jinin saboda suna tayar mata da zuciya. Don Allah Umma, a sa ta ta koma kansu.

Abin da ya yi mata ƙaranci sinadarin ƙarfe ne, ayon, wanda jiki ke gina jan jini da shi. Mai ciki idan awon himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke cikin jan jini, ya gaza 11, ko PCV, wato yawan jan jini a cikin jininta, ya sauka ƙasa da kashi 33 cikin ɗari, tana da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ayon kullum, tare da wani bitamin da ake kira folik asid, maikirogiram 400. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. Idan ƙwayar na sa ta amai, ta sha bayan ta ci abinci ko da dare kafin ta kwanta, ta yawaita ruwa saboda bushewar ciki.

Inda ake yawan kuskure shi ne shayi. Ganyen shayi yana ɗaure ayon a hanji, madara da nono ma suna rage shigarsa jiki. Ta bar awa biyu tsakanin ƙwayar da shayi ko fura da nono. Ta kora da ruwa, ta bi da lemu ko gwaiba, domin bitamin C da ke cikinsu ne ke taimaka wa ayon shiga jiki. Gero da dawa suna da ayon, amma akwai wani abu a dusarsu da ke riƙe shi. Jiƙawa da bari ya yi tsami, kamar yadda ake yin kamu, yana sassauta wannan. Nama da kifi sun fi duka, ko yanka biyu a miyar zogale ko alayyahu. Hanta kuwa a nan hana masu ciki ake yi, saboda yawan bitamin A da ke cikinta na iya cutar da ɗan tayi. Farar ƙasar nan da na ji tana ci, alama ce ta ƙarancin ayon, kuma tana ƙara hana shi shiga jini. A raba ta da ita.

Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, don haka ta kwana a gidan sauro, ta karɓi maganin rigakafin da ake bayarwa a awo.

Gishiri a sayi na leda mai aidin, a ajiye a robar da ke rufuwa, nesa da murhu da rana, don aidin ɗin na gudu. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, yana kuma dankwafe ƙwaƙwalwar jariri tun a ciki.

Ƙwayoyin ƙarin jinin nan a ɗora su saman sif. Jajaye ne kamar alewa, yaro in ya haɗiye da yawa yana iya rasa ransa.

A turo mini hoton katin awonta bayan wata guda. Allah Ya sauke ta lafiya. A gaida Baba da Inna.

Ɗiyarki