Kyan Launi Ba Shi Ne Lafiyar Mesa Ba

Malam Edita,

Na karanta rahotonku kan masu kiwon macizai a gida, na kuma ji daɗin hotunan. Sai dai ƙorafi gare ni, domin kun yaba launuka kun yi shiru a kan abin da wasunsu ke tafe da shi.

Shekarata tara ina kiwon ƙaramar mesar nan ta Yammacin Afirka, wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kai a tsakiya. Ba ta da dafi, kuma tana iya haura shekara 30, abin da masu saye ba sa lissafawa. Farar mai ɗigon ruwan ɗorawa da jan ido da kuka buga zabiya ce. Wani Ba'amurke, Bob Clark, shi ya fara ƙyanƙyashe irinta a hannu a 1992. Zabiyanci gado ne mai ɓuya, sai ɗa ya samo shi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana. In iyayen biyu suna ɗauke da shi a ɓoye, kowane ƙwai yana da damar ɗaya cikin huɗu. Ni na haɗa irin waɗannan, ƙwai bakwai, na yi kusan wata biyu ina gadin zafi a digiri 31, har cikin dare nake tashi dubawa. Ɗaya tal ta fito fara. Ranar ko abinci ban nema ba.

Wannan gadon bai taɓa ba ni matsala ba. Wanda ya dame ni shi ne na mesar da ake kira Spider, mai siririn zane kamar saƙar gizo-gizo. Na sayi ɗaya, mai sayarwar bai ce da ni uffan ba. Daren da na fara miƙa mata ɓera da hantsaki, sai ta kai sara ta kuskure, kanta yana karkarwa, ta murɗe wuya har cikinta ya kalli sama. Na ɗauka ciwo ne zai wuce bayan ta yi saɓa. Ashe ƙwayar halittar da ta ba ta zanen ita ce ta ba ta jirin, kuma ba a raba su ko da wace mesa aka haɗa ta. Wata nata kaɗan ne, wata kuma abin tausayi. Saboda haka ne wata ƙungiyar masu kiwo a Ingila ta hana sayar da ita a wuraren baje kolinta tun 2018.

Tawa tana nan, tana ci, amma na rantse ba zan taɓa haɗa ta da namiji ba. Don Allah in za ku sake rubutu a kai, ku gaya wa mai niyyar saye ya nemi ganin yadda take cin abinci kafin ya biya, ya kuma tambayi su wane ne iyayenta.

Naku,
Wani mai kiwon mesa