A Ɗaga Wa Zanen Dutsen Gaɓar Kogin Kolombiya Ƙafa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wurin shaƙatawa na Columbia Hills da ke gaɓar Kogin Kolombiya a jihar Washington ta Amurka, inda masu zuwa kallon zanen mutanen dā da masu wasan hawan dutse suke cin karo, kowa da abin da ya kawo shi.

A shekarar 1957 ne ruwan madatsar The Dalles ya shanye magangarar ruwa ta Celilo, inda 'yan asalin yankin suka shafe dubban shekaru suna kamun kifi, ya kuma binne ɗimbin zane-zanen da kakanninsu suka sassaƙa a duwatsun gaɓa. 'Yan kaɗan aka samu aka ciro kafin ruwa ya taso, aka jibge su a harabar madatsar shekara da shekaru, sai daga baya aka kawo su nan aka jera a gefen hanyar da ake kira Temani Pesh-wa.

Wanda ya fi suna shi ne Tsagaglalal, wata faffaɗar fuska mai dara-daran idanu, wadda aka sassaƙa aka kuma shafa wa jan launi, kuma har yau tana nan inda aka yi ta. Tun da ɓata-gari suka yi ɓarna a wurin aka hana zuwa gabanta sai da ɗan jagora, bayan an nemi izini tun da wuri.

Wannan doka kan yi wa baƙon da ya sha doguwar tafiya nauyi, amma a ganina hukuma ta yi daidai. Launin da ya jure rana da iska na ɗaruruwan shekaru ba ya jure maiƙon tafin hannu, balle farin allin da mahaya ke shafawa domin kada gumi ya sa su zame. Dutsen Horsethief Butte, wanda mahaya ke hawa a cikin wurin shaƙatawar, yana da faɗin da zai ishe su, don haka ba a tauye kowa ba idan an keɓe bangon da ke ɗauke da zane.

Su kuwa ƙabilun yankin, irin su Yakama da Umatilla, wurin mai tsarki ne a gare su, kuma wajibi ne a riƙa jin ta bakinsu kafin a buɗe wa mahaya kowane sabon sashe.

Wassalam,
Wani mai karatu