Farantin jirgin ruwa da jeren ɗakin kakata

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Ni ɗan Zariya ne, karatu ya kawo ni Stoke-on-Trent a Ingila, garin da tun kaka da kakanni sana'arsu yin tangaran ce. Ranar Asabar na leƙa wani shagon tsofaffin kaya sai idona ya faɗa kan wani faranti shuɗi shar, jiragen ruwa ne maƙil a jikinsa, wasu masu hayaƙi wasu irin na da ɗin nan da iska ke turawa, a ƙasa kuma an rubuta saukar Janar Lafayette a Castle Garden, New York, 16 ga Agusta 1824. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallo.

Shi Lafayette ɗin Bafaranshe ne da ya taya Amurkawa yaƙar Ingila har suka samu 'yanci, bayan ya manyanta ya koma musu ziyara a wani jirgi mai suna Cadmus. To abin da ya ɗaure min kai, mutanen Ingilan da aka yaƙa su suka yi farantin, masana'antar James da Ralph Clews a nan Cobridge, suka loda a jirgi suka kai wa Amurkawa suka saya. Kuma ba ɗaya bayan ɗaya ake zanawa ba, a jikin jan ƙarfe ake sassaƙa hoton a shafa masa shuɗin kobalt a ɗauko shi da 'yar takarda mara kauri a manna wa tangaran ɗin sannan a gasa, shi ya sa shekara 200 amma launin bai koɗe ba.

Yadda mai shagon ya miƙo min shi da hannu biyu kamar jariri, sai kakata ta faɗo min a rai. Jeren ɗakinta tun daga ƙasa har kusa da rufi, tasoshi, langa, kwalla, fanteka, kowanne ta san wanda ya kawo mata da bikin da aka kawo shi. Bayan rasuwarta 'yan gwangwan aka kira suka ɗora a sikeli, kuma da hannuna na taya fito da su, har yau abin na ci min rai.

Don Allah Malam Edita ku ware mana ko shiri ɗaya ne, ku shiga kasuwar Kurmi wajen dattawan da suka sayar da kayan nan, ku zauna da iyayenmu mata su faɗi sunan kowane kwano da inda ake kawo shi, a ɗauki hotuna a ajiye tun masu labarin suna raye.

Naku kullum,
Mai sauraro daga Stoke-on-Trent