Zuwa ga Yaya, a kan jikin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba, ya Inna da ɗawainiya? Ni lafiya lau nake, sai sanyin Ingila, shi ma an fara sabawa.

Wani labari na ji ya hana ni barci. An ce rabin kuɗin da na turo wancan watan an kai wa wani mai magani a Rigasa, wai Gwaggo ta dage sammu aka yi wa Baba saboda gonar Kujama. Haba Yaya, kana gidan aka yi haka? A bidiyon da Auta ta turo na ga hannunsa na dama yana rawa a kan cinya, yatsu kamar mai jan carbi, amma da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai rawar ta lafa. Tafiya kuma ya koma jan ƙafa. Masu irin wannan ciwon nake yi wa wanka kullum a gidan tsofaffin da nake aiki. Likitan asibitin Shika na Zariya ya riga ya faɗa muku, Parkinson ce. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, ba hannun kowa a ciki.

Na kuma ji dangin mai neman Auta sun fara ja da baya, wai ciwon gado ne. Ka samu wan mahaifin yaron ka yi masa bayani cikin mutunci. Gaskiya akwai na gado, amma kaɗan ne, wajen mutum 1 cikin 10. A 2023 ma an yi bincike da 'yan Najeriya da yawa a ciki, aka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin ga mutanenmu. Haɗari yake ƙarawa kawai, da yawa suna ɗauke da shi har su tsufa ba su yi ciwon ba. Yawanci shekaru ne suke haɗuwa da abin da jiki ya daɗe yana shaƙa.

Nan ne zuciyata take sosuwa. Ka tuna Baba yana dama maganin ciyawa a bokiti da hannunsa, ya goya tankin feshi yana ɗiga a bayan rigarsa, ya dawo ya ci tuwo? Ni nake ɗebo masa ruwan haɗin. Masu bincike sun danganta wani maganin ciyawa mai suna paraquat da wannan ciwo, Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Ban ce shi kaɗai ya jawo ba, amma kada ka sake barin yara su yi feshi ba safar hannu da takunkumi. Jarkokin maganin da Inna ke zuba ruwa a ciki, a fitar da su daga gidan yau.

Na turo naira dubu 200 ta asusunka. Na levodopa ne, maganin ciwon Parkinson ɗin, da kuɗin motar zuwa Zariya, ban da komai. A saya a babban kantin magani, ka turo min hoton kwalin. A ba shi kan lokaci, kamar rabin awa kafin abinci, don nama da wake suna rage masa ƙarfi. Ko ya ji sauƙi kada a tsayar da shi, tsayarwa farat ɗaya haɗari ce. Ya riƙa takawa zuwa masallaci, wani na biye da shi. Addu'a kuwa a ci gaba, ni ma ina yi.

Na san kai ke ɗaga shi, kai ke kwana da shi, ni ina nan ina ba iyayen wasu abinci a baki. Ka yafe min zafin maganata. Amma kuɗin nan na magani ne, ko sisi kada Gwaggo ta karɓa.

Ka kira ni ranar Juma'a bayan sallah, ka ba Baba wayar. Ko muryarsa ta yi ƙasa zan ji.

Ƙaninka.