Wasiƙa: Zaɓen tayar keken hawan dutse don laka da hanya mai gauraye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman alfarmar ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu hawan keken dutse kan wani kuskure da ke jefa su cikin haɗari da zarar ruwa ya fara sauka. Mutum zai ga hanyar da ya saba bi ta yi caɓi, sai ya nemi taya mafi faɗi mai manyan haƙora ya sa gaba da baya, yana ganin ya gama. Sau da yawa wannan tayar ce ke kayar da shi. Ba faɗi ne ke riƙe keke a laka ba. Abin da ke riƙewa shi ne tazarar da ke tsakanin haƙora, da laushin roba, da yawan iskar da ke ciki, kuma kowanne daga cikinsu sai an daidaita shi da irin ƙasar da za a taka.

A fara duba lakar kanta, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ruwa-ruwa da ke kwance bisa ƙasa mai tauri. Wannan ba ta mannewa, kuma duk tayar da haƙoranta ke da ɗan tsawo za ta ratsa ta ta kama abin da ke ƙarƙashi. Akwai taɓo mai zurfi, inda ƙasa mai laushi ta jiƙe sharkaf, sai dogayen haƙora ne ke iya nutsewa su sami abin kamawa. Sai kuma yumɓu, wanda ya fi duka wahala. Yumɓu yana cike gurbin da ke tsakanin haƙora, cikin 'yan juyi kaɗan taya ta koma kamar suɗaɗɗiya, ta yi nauyi, wani lokaci ma ta cije a cikin firam ta ƙi juyawa sam.

Taya tana kaɗe laka ne ta hanya biyu: juyawarta tana jefar da ita, jikinta kuma yana motsi duk sa'ad da ya taka ƙasa ya tashi, sai lakar ta saki. Duka biyun ba sa aiki idan haƙora sun matse juna. Gwaji mai sauƙi kafin saye shi ne a sa kan ƙaramin yatsa tsakanin layukan haƙoran tsakiya. In bai shiga ba, tayar rani ce, kome girman haƙoranta.

Tayoyin laka zalla, irin su Maxxis Wetscream da Schwalbe Dirty Dan, suna da dogayen haƙora masu tazara sosai. A ƙasa mai laushi babu kamarsu. Amma a nan ne mutane ke faɗawa tarko, domin hanya mafi yawa gauraye ce: ga laka a kwari, ga jiƙaƙƙen dutse a gaba, ga saiwoyin itace sun gitta, ga tsakuwa a hawa. Dogon haƙori ba ya iya nutsewa cikin dutse ko saiwa. Yana tsayawa a kai ne, nauyin mahayi ya lanƙwasa shi, sai a ji keke yana rawa a ƙarƙashi, daga nan ya zame ba sanarwa. Ga shi kuma yana jan keke baya a ƙasa mai tauri, mutum ya gaji tun kafin ya kai rabin tafiya. Saboda haka ni a ganina, in dai kashi ɗaya cikin uku na hanyar dutse ne ko saiwa ko ƙasa mai tauri, a haƙura da tayar laka zalla.

Abin da ya dace da gaurayen hanya shi ne taya mai matsakaitan haƙora, masu faɗin gindi don kada su lanƙwashe, da tazarar da za ta bari laka ta fita. Schwalbe Magic Mary da Maxxis Shorty da Specialized Hillbilly duk suna cikin wannan rukuni, Shorty da Hillbilly sun fi karkata wajen laka, Magic Mary kuwa ta fi jure busasshiyar ƙasa. A duba saman kowane haƙori a ga ko akwai 'yan tsaga ƙanana. Waɗannan tsagogin suna barin haƙorin ya buɗe ya shimfiɗu a kan jiƙaƙƙen dutse, su ƙara masa gefunan kamawa. A kuma duba haƙoran gefe, domin su ne ke riƙe keke a kwana. Ya kamata a ga robar gindinsu ta gangaro jikin taya tana tokare su. In an tura haƙorin gefe da babban yatsa ya kwanta cikin sauƙi, haka zai kwanta a kwana.

Tayar gaba da ta baya ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma bai kamata a saye su iri ɗaya don kawai su dace da ido ba. In ta baya ta zame, yawanci mahayi yana iya gyarawa. In ta gaba ta zame, kafin ya ankara yana ƙasa. Don haka mafi kamu da mafi laushin roba ita ke zuwa gaba. Ta baya aikinta tura keke a hawa da tsayar da shi a gangara, sai a nemi mai haƙoran tsakiya da suka kwanta a gicciye, masu kaifin gefe ta ɓangaren da birki ke ci, kamar Maxxis Minion DHR II. Wanda kuɗinsa bai kai na taya biyu ba, ya sayi ta gaba kawai. Kuma a kula da kibiyar da ke jikin taya. An sassaƙe fuskar haƙori ɗaya don sauƙin gudu, ɗaya fuskar a tsaye don birki. In aka juya ta baibai, birki zai ragu a daidai wurin da ake bukatarsa.

Batun faɗi kuwa, inci 2.3 zuwa 2.4 ya wadatar a laka. Tayoyi masu 2.6 zuwa 3.0 suna yawo a saman taɓo maimakon su yanke shi su sami ƙasa, sannan suna cinye sararin da laka za ta bi ta fita. A auna tazarar da ke tsakanin haƙoran gefe da firam, musamman a baya kusa da feda inda ya fi matsi, da kuma ƙarƙashin gadar fok (ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba). Kada ta gaza milimita 6 a kowane gefe, ga mai shiga yumɓu kuma milimita 10 ta fi. In tazarar ta yi kaɗan, laka mai yashi tana zama tana goge fenti, a firam ɗin kabon (wanda aka yi da zaren kabon, ba ƙarfe ba) ma tana iya cin jikinsa. Sabuwar taya tana ɗan buɗewa bayan ta kwana da iska, don haka a sake aunawa washegari. Lambar da aka rubuta a jiki ma ba koyaushe take daidai ba, 2.4 na wani kamfani yana iya kai 2.5 na wani.

Kafin saye a karanta lambobin da ke jikin tsohuwar tayar. Bayan irin 29 x 2.4 akwai wata lamba a milimita mai kashi biyu, kashi na biyun shi ne ma'aunin rim: 622 na inci 29 ne, 584 na 27.5, 559 na 26. Wannan dole ya zama daidai da na sabuwar tayar. Faɗin cikin rim shi ma yana sauya siffar taya. Rim mai milimita 30 a ciki yana dacewa da 2.4 da 2.5. In aka ɗora irin wannan tayar a kan tsohon rim mai milimita 19 ko 21, za ta kumbura a sama ta tsuke a gindi, ta riƙa naɗewa a kwana in iska ta yi ƙasa. In kuma rim ya yi wa taya faɗi, samanta yana bajewa, haƙoran gefe su riƙa taɓa ƙasa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Tayoyin Maxxis masu alamar WT an yi su ne don rim mai 30 zuwa 35.

Laushin roba shi ne abin da ido ba ya gani, kuma a jiƙaƙƙen dutse da saiwa ya fi siffar haƙora muhimmanci, tunda babu abin da haƙori zai nutse a ciki. Ana auna taurin roba da lamba: wajen 60a zuwa sama mai tauri ce, wajen 42a mai laushi ƙwarai. Roba mai laushi tana bin ƙananan ramukan dutse, kuma tana dawowa a hankali bayan an danne ta, shi ya sa ba ta tsalle daga kan saiwa. A matsa haƙori a murɗa shi a saki. Wanda ya koma nan take mai tauri ne, wanda ya ɗan yi jinkiri shi ne na ruwa. Kamfanoni suna ba su suna: a Maxxis, MaxxGrip ta fi MaxxTerra laushi, a Schwalbe, Ultra Soft mai layin shunayya ta fi Soft mai layin ruwan lemo. Aibinta shi ne saurin cinyewa da nauyin tuƙi, saboda haka mai laushin a gaba, matsakaiciya a baya.

Jikin taya saƙa ce ta zare da aka lulluɓe da roba, ana rubuta yawan zaren da TPI, wato yawan zare a kowane inci. Mai 60 zarenta kauri ne, ta fi jure yanka. Mai 120 ta fi sauƙin nauyi da bin ƙasa. A laka ana ganin kamar babu haɗarin yanka, alhali jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin yankuwa, kuma duwatsu masu kaifi suna ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Ga hawa na yau da kullum, jiki mai kariyar gefe irin EXO+ na Maxxis ko Super Trail na Schwalbe ya isa. Mahayi mai nauyin jiki ko mai gudu a gangaren duwatsu ya sa mai ninki biyu a baya, irin DoubleDown na Maxxis ko Super Gravity na Schwalbe.

Iska kuwa ita ce ke lalata duk wannan zaɓen in ba a kula ba. Da yawa suna bugawa har 40 psi (ma'aunin ƙarfin iska), su matsa da hannu su ji tauri su ce ta yi. Da irin wannan iskar, haƙora kaɗan ne ke taɓa ƙasa, taya ta riƙa tsalle. Ga mahayi mai kilo 75 zuwa 80 a kan taya 2.4 marar tub, a fara da 21 zuwa 23 psi a gaba, 24 zuwa 27 a baya. Ranar ruwa a rage 1 ko 2. Mai tub ya ƙara 3 zuwa 5, in ba haka ba rim zai matse tub da dutse ya yi masa huda biyu a jere. Alamar iska ta yi ƙasa da yawa ita ce jin bugun rim, ko taya ta naɗe a kwana, ko a ga ruwan toshe huda da ake zubawa cikin taya marar tub ya fito a bakin rim. A sayi geji mai nuna ƙananan lambobi, domin na jikin famfo ba ya bambance 22 da 25, kuma a auna kafin kowace fita.

Cire tub shi ke ba da damar rage iska ba fargaba, amma haɗawar tana son natsuwa. A goge cikin rim ya bushe, a naɗa tef mai faɗin da ya ɗara cikin rim da milimita 2 ko 3, ana ja ana dannewa, bakinsa ya hau juna da wajen santimita 10. A huda ƙaramin rami, a sa bawul a ɗaure da hannu kawai. Lokacin sa taya a tura bakinta cikin kwarin tsakiyar rim, nan ne ke ba da sarari, a ƙare a wajen bawul. A shafa ruwan sabulu, a cire zuciyar bawul, a buga da sauri har a ji ƙarar zamanta. Kada a wuce 40 psi ko iyakar da aka rubuta a rim ko taya, wadda ta fi ƙasa. Sai a zuba ruwan toshe huda, mililita 90 zuwa 120 ga tayar inci 29, a mayar da zuciyar, a buga, a girgiza wilin ta kowane gefe. In iska na fita ta gindin bawul, yawanci tef ne bai zauna ba, ƙara ɗaure bawul ba zai gyara ba. Ruwan yana bushewa cikin wata biyu zuwa shida, ya fi sauri a zafi.

Bayan kowace fita a laka a wanke taya a duba gindin haƙoran gefe ta ciki. Nan suke fara tsagewa, kuma tayar da gefenta ya tsage ta gama aiki a gaba ko da tsakiyarta na da sauran tsawo. In gefunan haƙora ta ɓangaren da birki ke ci sun yi zagaye, kamu a ruwa ya tafi. Tayar gaba da ta ɗan ci amma ba ta tsage ba ana iya mayar da ita baya, sabuwa ta shiga gaba. Kada a wanke ta da fetur ko kananzir, suna lalata roba. Ruwa da buroshi sun isa.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran keke, mai karanta jaridarka